Kwamfutar da Ta Yi Shiru

Wata rana a jirgin ƙasa zuwa Abuja, na zauna kusa da wata mata sa'ata. Ban cika jan hira da baƙo ba. Ita ta fara.

Injiniyar kwamfuta ce. Ita ta tsara yadda kwamfutocin wasu asibitocin karkara suke sanar da juna halin da ake ciki: ina magani ya ƙare, ina firij ya lalace.

Babu wata babbar kwamfuta a tsakiya da ake jira. Kowace tana gaya wa maƙwabtanta biyu ko uku, su ma su gaya wa nasu, nan da nan labari ya zaga. Ta ce a sana'arsu gulma ake kiran wannan tsari.

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Ta ce mahaifiyarta ce ta kwanta ciwo a ƙauyensu, inda sai an hau tudu waya ke shiga. Ta ɗauki hutu, ta damƙa aikin a hannun Kubra, abokiyar aikinta. Da ciwon ya daɗe, ta hau tudun ta kira Kubra, ta roƙe ta ta shaida wa shugabanni halin da take ciki.

A ofis wani ya ce an daina jin ɗuriyarta. Wani ya ce ai ta samu wani aikin. Shugabanni suka ji daga baki da yawa, suka gaskata.

Suka ba Kubra kujerarta.

Da ta dawo, ta same ta a kai.

"Kubra, ke kika ce na bar aiki?"

"Wallahi Yaya, ni ban ce komai ba."

"Na yarda. Ke kaɗai kika san gaskiya, kuma ba ki ce komai ba."

Matar ta juyo gare ni. Sannan ta ce a tsarin nasu, idan kwamfuta ɗaya ta yi shiru, ba a yanke cewa ta mutu. Sai an tura maƙwabta sun sake ƙwanƙwasa mata. Wadda kuma ta ji daga gare ta, dole ta sanar da sauran.

Ita da Kubra suka rubuta wannan ƙa'idar. A teburi ɗaya, suna cin gyaɗa daga leda ɗaya.

Na tambayi jikin mahaifiyar. Ta ce da sauƙi, alhamdulillahi. Na tambayi me zai kai ta Abuja yau.

Ta nuna min jakarta. Babu komai a ciki. Kayanta za ta kwaso daga ofis.

Darasi: Ba mai ƙirƙirar ƙarya kaɗai ke cin amana ba. Wanda ya riƙe gaskiya a baki yana kallo ƙarya na zagawa, da shi aka yi. Idan wani ya yi shiru, ku neme shi kafin ku yanke masa hukunci.

Ku tura wa mutum biyu ko uku. Su ma za su tura.