Ɗakin da Bangonsa Ke Matsawa

Kakata ba ta son a kira ta Habboba. Duk yaran garinmu Mai Wurno haka suke kiran kakanninsu, da bakin Larabawa, amma ita in ka ce mata haka sai ta mayar da kanta kurma. "Ubana bai taso daga Sakkwato da ƙafa don a sake mani suna ba," in ji ta. Sai ka ce Kaka, sannan ta juyo, ta harare ka, ta tambaye ka abin da kake so.

Gidanmu shi ne na ƙarshe a unguwa, yana kallon titin da motoci ke bi daga Sinnar zuwa kudu. Da sanyi ya shigo, bayan magariba, Kaka takan sa a jawo mata murhun gawayi kusa da gadonta na igiya. Ta aza tulun gahawa a gefen wuta, ta miƙe ƙafafu, mu kuma mu dunƙule a tabarma, ni da ƙannena da 'ya'yan Baffa Sani. Iskar kogi tana da cizo a wannan lokacin, kowa na ture ɗan'uwansa don ya samu gefen wuta. Ni ce mai yawan surutu, shi ya sa ba ta taɓa kirana Safiya ba, sai dai Mai-baki.

Tana da yadda take buɗe tatsuniya, nata na kanta. Takan ce, "Na kamo wata a bakin kogi, tana zillo." Mu amsa gaba ɗaya, "Sako ta, mun tare hanya!"

Akwai wadda ba na mantawa, domin ba don mu aka yi ta ba. A shekarar nan azumi ya faɗo cikin sanyi, damina kuma ba ta yi kyau ba, dawar da aka samu ba ta kai rabin ta bara ba. Mahaifina ya rasu tun ina ƙarama, Baffa Sani ƙanensa shi ke riƙe da gida. Mazan unguwa suna buɗe-baki ne a ƙofar masallaci, can ciki. Mu kuwa, tun zamanin Kakanmu namiji, tabarmarmu a bakin titi ake shimfiɗa ta. In rana ta kusa faɗuwa, sai namijin gidan ya warware rawaninsa, shi da wani su ja shi a tsakiyar titi, duk motar da ta taho dole ta tsaya, a rantse wa direba da Allah sai ya sauke mutanensa sun sha ruwa. Ba a taɓa cewa da matafiyi ya yi gaba ba. Wannan shi ne abin da Kaka ke taƙama da shi a duniya, ba ta da zinare, ba ta da shanu.

To, ana saura kwanaki kaɗan a ga wata, Baffa ya ce bana ba zai ja rawani ba. Ya ce a dafa daidai gida, in ƙaramar mota ta tsaya da kanta a ba ta dabino da ruwa. "Inna, in babbar mota ta tsaya fa? In sauke mutane su zauna suna kallon tabarma? Wannan kunyar ta fi ta rashin tsayar da su." Gaskiya ya faɗa, ko ni da nake yarinya na san gaskiya ya faɗa. Kaka ta bari sai da yamma, yana zaune a bakin ɗakinsa yana gyaran fitila, sannan ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

Ta ce wata tsohuwa ce ke zaune a kan hanyar mahajjata, masu tafiya gabas da ƙafa. Ɗakinta ɗan ƙiris, in ta kwanta ƙafarta na taɓa bango. A kusurwar ɗakin gara ta yi suri. Kowa ya ce ta rushe, ta ce su ma bayin Allah ne, wuri suka nema. Ran nan sai uwar gara ta leƙo ta ce, "Tsohuwa, kin yi muna halacci. Daga yau duk wanda yay yi sallama ƙofarki, ki ce shigo. Bango aikinmu ne. Abu guda: kada ki leƙa ki ƙirga kafin ki amsa."

Daga ranar, in baƙo ɗaya ya shigo, bango ya ja baya da faɗin tabarma ɗaya. In ayari ne, bango ya yi ta ja, ya yi ta ja, har raƙuma su samu wurin durƙusawa. Da safe in sun tafi, ɗaki ya koma yadda yake, tsohuwa ta share abinta da tsintsiya sau biyu ta gama. Ba ta taɓa ɗebo ƙasa ba, ba ta taɓa yaɓe ba, in wuri ya tsage kafin ta farka an liƙe.

Wani attajiri ya gani ya ji haushi, ya gina katafaren gida tun baƙi ba su zo ba. Mafi yawan shekara gidan na nan wayam, jemagu suka tare, ruwa ya ci soro, bayinsa suka gaji da shara suka gudu. A nan Kaka takan kwaikwayi attajirin yana bin jemagu da sanda, muna dariya har da riƙe ciki.

Sai ɗan tsohuwar ya dawo daga fatauci. Mutum ne mai lissafi. Wata rana aka yi sallama, ya ce, "Inna, bari in duba tukuna." Ya leƙa, ya ga mutane har iyakar ganinsa, ya ƙirga, gabansa ya faɗi, ya ce, "Ku yi haƙuri, ba wuri." Tun daga nan bango bai sake motsi ba.

"Ta faɗa kogi," in ji Kaka, "mai so ya bi ta da iyo."

Daga can Baffa ya ce, ba tare da ya ɗago daga fitilarsa ba, "Inna, na ji. Amma gara ba ta tuƙa tuwon asida."

"Kai dai ja rawani," ta ce. "Tuƙi ba aikinka ba ne."

Ya ja ɗin, don ba mai iya yi wa Kaka musu ya ci riba. Kwanakin farko lafiya lau, ƙananan motoci ne, wata rana ma babu kowa. Sai wata yamma, ladan ya kusa kira, muka ji ƙugin babbar mota ta taka birki. Can sai ga Baffa ya shigo tsakar gida ba rawani, fuskarsa kamar an watsa mata toka. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Inna, ga abin da na faɗa. Motar a cike take har sama, da mata da yara."

Mahaifiyata, da muke kira Yumma, ta dubi faranti ɗaya tak da ta shirya, ta dafe ƙirji. Ni kuwa na tabbata yau za a ce wa mutane su yi gaba, ko kuma su zauna su tashi da yunwa a tabarmar Kakanmu.

Kaka ta sauko daga gado, ta ɗauki taɓarya, ta nufi turmi. Babu komai a cikinsa. Ta shiga dukansa, kwal, kwal, kwal. Duk macen da ta taɓa daka ta san ƙarar turmi da hatsi daban, ƙararsa wayam daban, kuma ba mai daka a irin wannan lokaci. Ba ta jima tana bugawa ba sai ga kwano ya leƙo ta saman katangar gabas, hannu kawai muke gani. Ta arewa ma haka. Sai na ji wani turmin ya amsa daga gida na gaba, wani ya karɓa daga can nesa. Asida, kunu, dafaffen wake, miyar kuɓewa, bokitin abin sha mai sanyi, abin da matan suka ware don bakinsu ne suke miƙowa gida-gida har ya iso mu.

"Mai-baki, tsayuwa kika zo yi? Karɓi ki miƙa!"

Na yi ta karɓa ina miƙawa har hannuna ya yi tsami. Matan motar aka shigo da su cikin gida, mazan suka cika tabarmi a waje. Kowa ya ci ya yi salla. Da motar ta tashi, kwanuka suka koma ta inda suka fito, gidanmu ya dawo ɗan gidan da muka sani. Baffa ya zauna a ƙasa kusa da gadon Kaka, ita kuwa ba ta yi masa gori ba, ta dai miƙa masa gahawa.

Shekaru suka tafi. Na yi karatun kwamfuta, na samu aiki a wani ƙaramin kamfani can ƙetare, a birnin Sharja, Kaka kuwa ta riga mu gidan gaskiya ina shekarar ƙarshe a makaranta. Kamfaninmu manhaja yake da ita ta sayen abinci a waya. Aikina kula da ma'ajiyar bayanai, inda kowane oda ke sauka: wa ya saya, me ya saya, ina za a kai masa. Da farko a kan na'urarmu take, a wani ɗaki mai sanyi bayan ofis. Duk shekara lafiya, sai azumi. Da la'asar sakaliya gari gaba ɗaya ya tuna da ciki a lokaci guda, ma'ajiyar ta shaƙe, mutane su ga saƙo a wayarsu cewa su sake gwadawa anjima. Mai azumi za ka ce wa anjima? Wallahi duk lokacin da na ga saƙon nan raina ɓaci yake yi. Mai kamfanin ya ce a sayo manyan na'urori. Na ce masa za su yi wata goma sha ɗaya suna shan wuta suna hamma.

Sai muka mayar da ma'ajiyar kan irin hidimar nan ta girgije, wadda manyan kamfanoni ke ba da hayarta. Su ke da na'urorin a can inda ban taɓa gani ba, su ke gyara, su ke ajiye kwafi a wani wuri ko da ɗaya ta lalace. Abin da ya fi burge ni, ba sai na yi hasashen yawan masu zuwa ba. In oda ya yi yawa, ma'ajiyar da kanta take ƙara ƙarfi da wuri, in ya ragu ta tsuke.

Ranar farko ta azumin da ya biyo baya na zauna gaban allo. Layin oda ya fara hawa. Ya kai inda muka saba faɗuwa, ya wuce. Sai na ga layin ƙarfin ma'ajiyar ya ɗaga da kansa, ya sake ɗagawa, ban taɓa komai ba. Ba wanda aka ce wa anjima, ko mutum ɗaya. Da aka kira salla layukan suka sauko a hankali. Na ce tabarakallah da ƙarfi har abokin aikina ya waiwayo. Har yau ina jinjina wa waɗanda suka ƙera abin nan, duk da ban san ko ɗayansu ba.

Bayan na sha ruwa na kira Yumma a Mai Wurno, ina ta zuba kamar yadda na saba. Ta saurare ni, sannan ta ce, "To, ƙarfin da ake ƙara muku, daga ina yake zuwa?"

Na ce na'urorin na jama'a da yawa ne. Lokacin da mu ke cikin rububi, wasu a wata ƙasa ba sa bukatar nasu, sai a karkato mana. In tasu ta taso, namu da ke zaune ya tafi gare su.

"A'a, ashe su ma sun iya zaman unguwa," in ji ta.

Na yi dariya, na ce ai mu mun yi sa'ar maƙwabta, da ba su amsa wa Kaka ba ranar babbar motar nan da mun shiga uku.

Yumma ta ce, "Sa'a? Safiya, ke kina tsammani kwano hanya ɗaya yake bi? Ba azumi kaɗai ba, duk shekara ne. Gidan da aka yi rasuwa, gidan da baƙi suka sauka ba shiri, in suka buga turmi, tukunyarmu ce ke fara tsallake katanga. Kakarku ba ta yarda wani gida ya riga ta."

"To mu me muke ci ranar?"

"Me kuwa? Sai ta ce a jawo mata murhu, a tara mata ku. Ta yi ta ba ku labari, ta gama wannan ta kamo wancan, har barci ya kwashe ku ba wanda ya tambayi tuwo. Ni ina ɗaki ina jin dariyarku ina share hawaye."

Na riƙe wayar, na shiga laluben yammacin nan ɗaya bayan ɗaya, waɗanda tatsuniya ta fi tsawo, waɗanda na fi so a duk ƙuruciyata. Na nemi yunwa a cikinsu, wallahi na neme ta da gaske, ban same ta ba.