Sallamar Injin Ruwa

Shekarun da arzikin mai ya shigo aka tura ni daga Tambuwal zuwa Kebbe in kula da injin ruwa. Iyakar karatuna firamare, amma takardar da injiniya ya manna a bango na haddace ta tsaf. Layin ƙarshe ya ce kafin a kashe inji a sanar da jama'a.

Sai na rataye tsohon ƙarfen tayar mota a jikin darbejiya. Kullum bayan la'asar in buga sau uku, in dakata, in kashe. Wata rana har na huɗu nake ƙarawa, don kada a ce na rage.

Famfon ƙarshe yana bakin masallaci, inda wani tsohon ladan yake cika randunan alwalar magariba. Ran nan sai ga shi da buta, ko ɗigo babu a ciki.

"Ɗana, haka kaka ɗauke muna ruwa babu sallama? Jiya gida-gida ni bi da guga."

"Baba, ai ina buga ƙarfe."

"Kunnenka kaka buga ma. Mu ba mu jin komi sai gurnanin injin ga."

Mutum nawa suka rasa jam'i saboda ni? Ranar ko tuwo bai shiga ba.

Washegari na sa maigadin gidan injin ya buga, ni kuma na tsaya bakin masallaci. Tsoho ya yi gaskiya. Ƙarar inji tana haɗiye ƙarar ƙarfe, ba a jin ta sai inji ya yi shiru, lokacin kuwa ruwa ya riga ya tafi. Na samo ƙarfe mafi girma, duk ɗaya.

Da na gaji da tunani, sai na tuna cewa in na rage wa inji wuta, ruwan famfo yakan rage ƙarfi. Na ce wa Baba daga yau kafin in kashe inji ruwa zai ja baya sau biyu ya dawo, in ya ga haka ya hanzarta.

Ranar farko na rage sau biyu, na bar wa maigadi kashewa, na hau keke. Na tarar da Baba yana rufe randa ta ƙarshe yana dariya.

"Yau ruwan naka ya koyi ladabi."

Na bi randunan ɗaya bayan ɗaya ina ɗaga murfi, na sake dawowa ta farko.

"Sun cika duka, ɗana. Ka ƙara leƙawa sai ka faɗa ciki."