Hulunan Iya Jumai

Duk hulunan da matan ƙungiyarmu ke saƙawa sukan zo da ƙamshin gidan da suka fito: hayaƙin murhu, man shafawa, wani lokaci har daddawa. Na Iya Jumai kaɗai ke ƙamshin sabulu. Ni ce mai zuba su a buhu, shi ya sa na lura.

Bayan na gama jami'a ina zaman jiran aiki a Kibiya, sai aka ɗora mini karɓar huluna da safa daga gidajen masu saƙa, in kai wani asibiti a Rano inda ake sa bakwaini a kwalba. Zaren na jama'a ne. Alhaji Gwadabe mai gwanjo yakan ware mana rigunan sanyin da suka yage, mata su warware su. Masu lambu sukan sayar da kwandon tumatir su sayo ulu, Haliru direba kuma kyauta yake ɗaukar buhun.

Ranar da na je gidan Iya Jumai da wuri na ga dalilin sabulun. In ta gama hula sai ta wanke, ta shanya a igiya. In ta bushe, ba ta cire ta da hannu. Leda take buɗewa a ƙasa, ta sa kara ta ture hular ta faɗa ciki.

"Kada ki ce wa kowa nawa ne, Afra'u," in ji ta. "Ki cakuɗa su da na sauran."

A hankali na ji labarinta, wani daga bakinta, wani daga kakata. 'Yar Zurgu ce, aure ya kawo ta Kibiya gidan Malam Ƙasimu mai lambun albasa. Ta haihu, ta sake haihuwa, ta sake, ba wanda ya kai yaye. Aka fara kiranta mai wabi. Wata shekara ta shiga barka a maƙwabta, aka miƙa mata jaririya kamar yadda ake miƙa wa kowace mace, ta ce Allah ya raya. Kafin arba'in zazzaɓi ya ɗauke yarinyar. Ba wanda ya faɗa mata magana. Amma daga nan, duk barkar da ta je, in jariri ya zagayo kusa da ita sai a ce zai sha nono, a mayar wa uwarsa. Ta daina zuwa. Da Malam Ƙasimu ya rasu, ƙaninsa ya bar mata ɗaki a can ƙarshen gida. Saƙar kwarashi kuwa a ajin yaƙi da jahilci ta koye ta, da girmanta.

Ta fi kowa yawan saƙa, amma ba ta taɓa ganin hularta a kan yaro ba. Duk zuwana sai ta tambaya, "Suna zama musu kuwa? Ba sa rufe musu ido?"

A asibitin na haɗu da Sa'adiya, 'yar Lausu, haihuwarta ta fari. An raɗa wa yaron suna Abdurrahim a masallaci yana cikin kwalba, aka ɗage taron mata sai an sallame su. Hular da ke kansa ruwan ɗorawa ce, na gane zaren, domin ni na kai wa Iya rigar da aka warware. Ranar sallama Sa'adiya ta riƙe mini gefen hijabi.

"Don Allah, Yaya, wadda ta saƙa wannan ta zo mana taro."

Da na kai saƙon, Iya ta ce ƙafa na damunta. Na miƙe zan tafi, sai ta ce, "Mutanen Lausu ba su san ni ba, ko? To zan leƙa kawai, daga nesa."

Muka isa da hantsi. Ɗakin cike da mata, kakar yaron ta wajen uba, Hajiya Saratu, tana zaune kusa da gado tana ta zuba tsiya.

"Ku ga mijin da aka kawo mini," take cewa. "Kwanon tuwona ya fi shi nauyi. Wannan ne zai yi mini cefane?"

"Ai ke ma ba haƙoran cin nama gare ki ba, Hajiya," in ji wata. "Kun dace."

Jariri na tafiya hannu zuwa hannu. Iya Jumai ta zauna a bakin ƙofa, hannayenta cikin hijabi, idonta a kan hular. Da aka ce ita ce mai saƙar, Hajiya Saratu ta karɓe shi ta miƙo mata.

"Ungo ango. Ke kika naɗa masa rawani."

Iya ba ta fito da hannu ba. Da ta ce mura take yi, da an wuce ta ba wanda zai kula. Sai ta ce, a hankali, "Hajiya, ni mai wabi ce. A garinmu ba a ba ni."

Hajiya Saratu ta tsaya da yaron a hannu, ba ta miƙa ba, ba ta janye ba. Tun shigarmu Sa'adiya kanta a sunkuye yake, ko kallon ɗanta ba ta yi a gaban surukarta, kamar yadda ake kunyar ɗan fari. Sai ga ta ta sauko daga gado, ta karɓe shi daga hannun surukar, ta durƙusa ta ɗora shi a cinyar Iya. Ta koma wurinta ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Lallai 'yan zamani," in ji wata tsohuwa. Ba wanda ya yi dariya.

Dole Iya ta tallafe kansa, in ba haka ba zai zame. Ta sa yatsa ta ɗaga bakin hular daga girarsa. Leɓenta na motsi, amma ban ji abin da ta ce ba. Ba ta daɗe ba ta miƙa mini shi.

A motar Haliru, da muka wuce Rano, Iya ta juyo ta dube ni.

"Yanzu in wani abu ya same shi…"

"Allah zai raya shi, Iya."

"Amin. Ki riƙa tambayar mini shi. Ko me kika ji, ki faɗa mini, kada ki ɓoye."

Na raka ta har ƙofar ɗakinta. Matan gidan na daka a tsakar gida, ba wadda ta tambaye ta inda ta je. Ta ninke hijabinta, ta zauna a bakin ƙofa, ta kwance ƙullin wainar da aka ba ta a Lausu. Ta ci ɗaya, ta rufe sauran da faifai.