Hancin Motar 'Ya'yana

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba ta gizo ba ce, a gaban idona aka yi ta.

'Ya'yana maza biyu sun haɗa hannu sun sayi tsohuwar mota, suna ɗaukar mutane daga Tawa zuwa kasuwannin Barmu da Kalfu. Babban, wanda ba na faɗin sunansa don shi ne ɗan fari, shi ke zuba mai. Autan shi ke tuƙi. Da damina ta gabato, babban ya kai ta wurin mai walda, aka ɗaga ta sama, aka yanke bututun hayaƙi aka sake masa hanya, don kada duwatsun Adar su riƙa bugunsa.

Tun daga nan motar ta koyi haɗama. Man da ke kai ta Barmu ya dawo da ita, sai ya ƙare a hanya. Wata 'yar fitila ta kunna kanta a gaban direba, ta ƙi mutuwa. Hayaƙinta ya yi baƙi, in ta tsaya a ƙofar gida sai awakina su yi ta atishawa.

Babban kuwa, na gan shi yana shinshina jarkoki a bayan ɗakin ƙanensa. Ni kuma da na ga autan da sabbin takalma, na daɗe ina kallonsu.

Wani makaniki a bakin tasha ya ce sonda ce ta mutu, wani ɗan ƙarfe kamar yatsa da ke ɗaure jikin bututun. Aka sa sabuwa. Motar ba ta rage sha ba. Sai ran nan, suna cin tuwo, babban ya amayar da abin da ke cikinsa.

"Ranar Juma'a ka dafa Alƙur'ani, ka ce ba ka sayar wa masu kwalabe na bakin hanya man nan."

"Zan dafa, Yaya," in ji autan. "Amma daga ranar, ka nemi wani ƙane."

Na san abin da rantsuwa ke yi wa gida. Ko mai gaskiya ya yi ta, ba a sake sa hannu a kwano ɗaya. Ba na yi wa ɗan fari magana kai tsaye, sai na dubi bango na ce, "A gaya wa mai gidan nan, kafin a rantsar da mutum, a fara tambayar ƙarfe."

Muka tafi wani gareji, na ɗauki 'yar kujerata, don ba wanda zai yarda da bakin wani a cikinsu. Mai garejin mutumin Bambeye ne, mai yawan murmushi. Ban so murmushin ba. Ban kuma so yadda suka tafa da autan ba.

"Ashe kun san juna," in ji babban.

"Wane direba ne bai san ni ba, Alhaji? Ai mai ciwo shi ya san gidan boka."

Ya jona wani ɗan akwati a ƙarƙashin sitiyari, ya yi ta kallonsa. Sannan ya juyo gare ni.

"Inna, motar nan tana da hanci, shi ne sondar da suka canza. Yana shinshinar hayaƙi, ya gaya wa ƙwaƙwalwarta a ƙara mai ko a rage. Lafiyarsa lau. Amma kullum cewa yake iska ta yi yawa, a ƙaro mai."

"Ƙarya yake ke nan," na ce.

"Ko kuma wani ke yi masa ƙarya."

Babban ya ja tsaki. "Akwatin nan abin da ka so shi zai faɗa."

Ni ma haka na raya. Mai garejin bai yi fushi ba. Ya kaɗa ruwan sabulu a gwangwani, ya tayar da motar bayan ta huce, ya toshe bakin bututun da tsumma, ya miƙa wa babban gwangwanin.

"Da hannunka za ka shafa, kada a ce na sa wani abu."

Babban ya naɗe rigarsa ya kwanta a ƙasa. Ya shafa nan, shiru. Ya shafa can, shiru. Da ya kai kan waldar, dab da hancin, sai kumfa ta fara tasowa kamar bakin tukunyar wake. Na sunkuya na gani da idona. Tsaga ce siririya kamar gashi. Ta nan iska ke shiga ta ruɗi hancin.

"Wa ya sa aka yi wannan ɗinkin?" in ji mai garejin.

Autan ya buɗe baki, na taka masa ƙafa.

Aka toshe tsagar, fitilar ta mutu, motar ta koma cin rabonta. Juma'a ta zo ta wuce, ba wanda ya ambaci rantsuwa. Da aka kawo tuwo, babban ya tura tsokar nama gefen ƙanensa, shi kuma ya ci.

Mai garejin yana nan da murmushinsa. Mai walda ba a sake kai masa aiki ba. Babban ya bar shinshinar jarkoki. Autan yana tuƙi har yau, sai dai duk sanda ya dawo yakan kira yayansa ya zo ya ga allurar da ke nuna yawan mai, yayan kuwa ya kau da kai. Takalman nan kuwa, har suka tsufa ban tambayi inda ya samo su ba.