Sabino Vuciri, Wanda Ya Tsaya a Ƙofar Baƙi

Da safiyar Talata, 11 ga Maris, 2025, Allah ya karɓi ran Baba Sabino Vuciri a ɗakinsa da ke ƙauyenmu, bayan garin Pakele. Matarsa, Mama Terezina, ita ta aiko a kira ni. Ko da na isa har ta rufe masa ido.

Baba, kai ka koya mini karatu a gindin mangwaron coci, kai ka miƙa mini aikin katikis, wato koyar da addini a coci, da ƙarfinka ya ragu. Na so in rubuta maka kalmomi masu sanyaya rai, amma zuciyata ba a kwance take ba, kuma ka hore ni kada in faɗi abin da ba ya cikinta.

Kowa a nan ya san kai ma ka taɓa gudun hijira. Kana saurayi yaƙi ya kore ku zuwa Sudan, kai da ƙaninka Paskwale. A can masu bindiga suka faɗa wa sansaninku, ka dawo gida kai kaɗai. Ba ka cika zancen ba. Larabcin kasuwa da ka koyo a can ne kawai yake kuɓuce maka idan akuya ta ɓata maka rai.

Da yaƙi ya juya, mutanen Sudan ta Kudu suka fara kwararowa ƙasarmu, wata rana ka je kasuwa sayar da riɗi, ka dawo da wata doguwar mace da 'ya'yanta. Ayen sunanta. An kashe mijinta a hanya, ɗan filin da aka yanka mata a sansanin 'yan gudun hijira kuwa duk dutse ne. Ka kai ta gonarka ta bakin rafi, wadda ta fi kowace albarka, ka ce ta noma rabi. Da hannunka ka kafa mata ɗaki, ka koya mata dasa rogo. Ranar da ta fara kawo maka tuwo, ka ɗanɗana, ka ce, “'Yata, da wannan za mu yaɓe bangon coci.” Ta yi dariya har da hawaye. Mama ta ce ran nan ta fara ganin haƙoranta.

Sai daga baya na gane nauyin abin da ka ɗauka. Harshen da Ayen take kiran 'ya'yanta da shi, shi ne harshen mutanen da suka harbe Paskwale. Na tambaye ka wata Lahadi bayan sujada, na ce, “Baba, ba ya damunka?”

Ka ce, “Yana damuna mana. Amma Ubangiji ya ce a ƙaunaci baƙo, bai tambaye ni abin da raina yake ji ba. Kai da kake karanta mana Littafi Mai Tsarki kullum, ka taɓa ganin inda aka ce sai in ka ga dama?”

Shekaru suka wuce. 'Ya'yan Ayen suka tashi da harshenmu a bakinsu, suna kiranka Kaka. A gefe guda ɗanka Drichi ya yi aure, ya tara iyali, gonar da ta rage masa ba ta ciyar da su. Ba zan zalunce shi ba. Na ga matarsa tana dafa ganyen wake ba gishiri, alhali rogo yana ƙiba a rabin gonar ubansa. Da aka rage abincin da ake rabawa a sansani, baƙi da yawa suka fito neman inda za su noma, sai zukatan mutane suka fara tauri. A bakin rijiya ake cewa Sabino ne ya buɗe ƙofa.

A watan Nuwamba awakin wasu baƙi suka cinye riɗin wani maƙwabci. Ba na Ayen ba ne, amma ɗakinta ne mafi kusa. Da rana tsaka samari suka taru da sanduna da wuta, za su ƙona ɗakin. Ina garin Adjumani a ranar. Mama ce ta ba ni labari. Ta ce ka tako da sandarka, ka ja kujera ka zauna a ƙofar ɗakin. Ka riƙa kiran samarin ɗaya bayan ɗaya da sunayen da aka ba su ranar baftisma. Ka ce, “To, ku fara da ni, na fi ciyawar nan bushewa.” Wasu suka sunkuyar da kai. Sai dutse ya taso daga baya ya same ka a kafaɗa, ka faɗo daga kan kujerar. Ganin haka kowa ya watse. Ɗakin bai ƙone ba, kai kuma ba ka ƙara tashi da ƙafafunka ba.

Hukuma ta zo ta tambaye ka wanda ya yi jifan. Ka ce idonka ya tsufa. Mu duka mun san har ranar kana zura zare a allura.

Abin da ya hana ni sukuni ke nan, Baba. Ranar da muka binne ka coci ya cika maƙil, mawaƙa suka yi waƙa har mata suka yi ta kuka. Ina tsaye a gaba ina kallon fuskokinsu, na san a cikinsu akwai waɗanda suka riƙe wuta a ranar. Wataƙila hannun da ya jefe ka yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatinka. Ni na koya musu dokokin Allah, kamar yadda ka koya mini. Ban san inda maganar ta zube a hanya ba.

Ayen ba ta shigo ba. A bayan shinge ta tsaya da 'ya'yanta, kuma da aka karanta sunayen iyalinka ba a ambace su ba.

Bayan kwana kaɗan Drichi ya aika mata cewa kada ta shuka komai bana. Da Mama ta ji, ba ta yi masa faɗa ba. Ta naɗe tabarmarta, ta ɗauki tukunyarta, ta koma ɗakin Ayen da zama. Da ya je ɗauko ta, ta ce, “Ɗana, ban ce ba ka da gaskiya ba. Yunwar 'ya'yanka ni ma tana cina. Amma duk wanda zai fitar da yarinyar nan, sai ya haɗa da ni.” Ya juya ya koma gida shi kaɗai. Dattawan dangi za su zauna kan maganar bayan bikin Ista, sun kuma ce in zo in yi magana. Ga hadari ya fara haɗuwa, gonar tana nan ba a taɓa ta ba. Ina roƙon Allah ya ba ni ko kaɗan daga ƙarfin halinka.

Ubangiji Yesu, wanda shi ma aka gudu da shi wata ƙasa yana jariri, ya karɓe ka a gidansa, ya gafarta maka kurakuranka, ya sada ka da Paskwale cikin salama. Ya ji tausayin wanda ya yi jifan, ya ba shi tuba tun yana da rai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama Terezina, da Drichi da matarsa da 'ya'yansu. Allah ya buɗa musu, ya sanyaya musu zuciya. Ina kuma miƙa ta ga 'yarka Ayen da jikokinka na wajenta. Allah ya ba su haƙurin rashin uba.

Kasimiro Amaza, katikis