Idon Kyanwar Daji

Da sunan Allah zan fara. Labarin autana ne, wanda mutanen layinmu ke kira Mai Mushe.

Aikinsa a gidan tarihi yake. In dabba ta mutu a gidan namun daji, shi ake kai wa. Ya feɗe ta, ya jeme fatar, ya haɗa gangar jiki da katako da waya da auduga, ya mayar mata da fatarta, ta tsaya kamar za ta yi tafiya. Da ya fara sai da na je na tambayi malami, don ina tsoron haɗuwata da Allah. Ya ce mini fatar ai halittar Ubangiji ce, kuma don yara su gani su sani ake yi. Hankalina ya kwanta, amma na mutane bai kwanta ba. Warin maganin jima ba ya barin hannunsa. In ya zauna a benci, sai ka ga kowa ya tuna da wani uzuri. Tun yana zuwa har ya daina. Yanzu ga furfura ta fara fito masa, ba mata, ba aboki. Daga masallaci sai wurin aiki sai ɗakin bayan gidanmu, inda yake ƙarasa ƙananan ayyuka.

Auta ya ce duk cikin dabbobi ba mai wuya kamar dangin kyanwa, kuma wuyar a ido take. Idon gilashi ne, a cikin yumɓu ake dasa shi, a ja fatar ido a kafe da allurai. In ya karkace ko da kaurin gashi ne, sai dabbar ta zama mai harara-garke. Kuma in yumɓun ya bushe, shi ke nan. Shi kuwa in ya daɗe yana kallo ba ya ƙara ganin aibin. Sai ya kira ni, in tsaya a bakin ƙofa.

"Umma, tana kallonki?"

In ce, "Na dama yana kallona, na hagu yana neman mai bin sa bashi." Ya yi dariya ya gyara. Yawancin hirarsa ta duniya ke nan.

To, bana yanar ido ta rufe mini gani. Rannan da hantsi aka kawo masa fatar kyanwar daji, ya yini a kanta. Ya sa kwali a kunnuwa don su tsaya, ya dasa ido, ya kira ni bayan la'asar.

Na tsaya inda na saba. Ban ga komai ba sai wani abu ja-ja kamar hayaƙi.

"Tana kallonki?"

Da na ce e, da ya yarda. Amma ni ba na ƙarya, balle ga shi. Kuma na tuna yau ido ne ya tafi, gobe ni ce. Wa zai kira?

Na ce, "Auta, ba na gani. Je ka kira telan layinmu."

"Wanda ya sa mini Mai Mushe?"

"Shi. Bakinsa ne ba linzami, amma mai zura zare a allura ba ya rasa ido."

Ya ce zai iya shi kaɗai. Na ce yumɓunka na bushewa. Ya daɗe a tsaye, ina jin numfashinsa. Sannan na ji ya wanke hannu da sabulu, ya sake wankewa, ya fita.

Na koma kan darduma ina jan carbi. Can sai ga muryar tela a tsakar gida.

"Sannu, Umma. Wai yau ni aka gayyato ta'aziyyar kyanwa."

Suka shiga ɗakin. Sai na ji tela ya rage murya. "Kai, wannan ba za ta yi tsalle ba kuwa?" Aka jima ya ce, "Na hagun nan ya ɗan leƙa waje. Matso da shi. Kaɗan. Tsaya haka."

Bai zauna ba, ko ruwa bai sha ba, wai ya bar ɗinki a keke. Amma a bakin ƙofa na ji ya ce, "In za ka sa mata gashin baki ka kira ni, kar ka ɓata aikinmu."

Auta ya dawo ya zauna kusa da ni har aka kira magariba. Da zai tashi ya ce, "Jibi zan sa gashin."

Na ce Allah ya kai mu.