Biyu Gaba, Biyu Baya

Duk layin nan ba wanda ya san sunansa na gaskiya sai matarsa, ita ma ba ta faɗa. Mai Fanka ake ce masa, shi ke nan. Shekara talatin da ɗaya yana gyaran fanka a shago ɗaya, tsakanin mai aski da mai cajin waya. In za ka shiga sai ka sunkuya, don daga silin har bango fankoki ne a rataye, wata ba kai, wata ba fiffike, wata mai ita ya kawo tun shekara shida bai ƙara waiwayarta ba. Ɗan yatsansa ɗaya na hagu guntu ne. Wata fankar tebur ce ta gutsire shi tun yana koyo a hannun kawunsa. Kawun nan kuwa abu ɗaya ya dasa masa a ka, da ranƙwashi: fanka hanya ɗaya take bi. Ka ga ta juya baya, to wani ne ya haɗa waya ba daidai ba. Ka gyara, kada ka tsaya surutu.

Abin jirgi ya same shi ne da rana tsaka. Wasu masu awon fili suka zo duba ginin da ke kallon shagonsa, ɗaya ya ajiye wani abu a ƙasa, ya danna, abin ya tashi ya tsaya cak a iska. Mai Fanka ya bar kwayil, wayar cikin injin fanka, rabi a naɗe ya fito tsakiyar titi, baki buɗe, har wani mai babur ya zage shi bai ji ba.

"Wai wannan ne jirgi marar matuƙin?" ya tambayi mai aski.

"Shi ne. Ka rufe baki kada ƙuda ya shiga."

"Kai, fanka huɗu ce fa kawai."

Daga ranar mai aski ya laƙaba masa Injiniya, kuma ba don yabo ba.

Shekara biyu ya yi yana haɗa nasa. Gangar jikin da ƙarfen labule, ƙafafun da ƙarfen tsohuwar lema, 'yan injinan guda huɗu ɗaya bayan ɗaya ya saye su. Farfela kam ya rantse ba zai saya ba. Mutumin da ya tsufa a kan fiffike? Ya yanko bututun roba ya fere guda huɗu da hannunsa, ya goge, ya ɗora kowace a kan allura har ta daina rinjaya. Duk huɗun iri ɗaya sak, kamar uwa ɗaya ta haife su.

Abin da jirgin ya rasa shi ne ƙwaƙwalwa, wato abin da zai riƙa gaya wa kowane inji ya ƙara ko ya rage. Ya shiga wani guruf a waya na masu wannan sha'awa, su goma sha ɗaya, kowa da aikinsa: akwai direban tanka, akwai mai ɗaukar hoto, akwai malamin lissafi. Shugabarsu wata mata ce mai aikin gwajin jini a asibiti, Admin suke ce mata, kuma ba ta maimaita magana.

Sai wani kamfani ya sanar zai fitar da wata 'yar kwamfuta da ba ta fi kwalin ashana ba, kuɗinta ma bai kai na sabuwar fankar tebur ba. Ranar da aka buɗe sayarwa duk su goma sha ɗaya suna riƙe da waya. Mutum ɗaya, guda ɗaya. Kafin Mai Fanka ya gama neman tabaransa an rubuta ta ƙare. A duk guruf ɗin Admin kaɗai ta samu.

Ita ta liƙa mata na'urar jin karkata, ta zuba mata manhajar tuƙi, suka sa mata suna 'Yar Ashana. Sannan ta kafa doka: kowa zai riƙe ta mako ɗaya, daga Asabar zuwa Asabar. Wanda ya kayar da ita sau uku ya fita daga layi, sai ranar da ya sami tasa.

"Kuma ban ce sau uku da rabi ba," ta rubuta.

Da layi ya zo kansa, a aljihun gaba ya kai ta gida, hannunsa dafe da ita. Ya ajiye ta a tebur ya yi ta kallo. Ina abin yake yin tunanin? Ba kwayil, ba abin da ke motsi, ko ƙara ba ta yi. Ya shinshina ta ma, matarsa ta kama shi.

"Baban yara, ci za ka yi?"

"Ke dai duba. Wai nan ciki ake lissafin iska."

"To a gaishe ta."

Ran Lahadi ya ɗaura ta a tsakiyar jirgin, ya haɗa wayoyi yadda Admin ta zana masa, ya kunna ba tare da farfela ba don ya ga tafiyar injinan. Biyu suka bi hanya. Biyu kuwa, na gaba ɗaya da na baya ɗaya, suka juya baya.

Dariya ya yi har da buga cinya. Ashe kwamfuta ma tana kuskuren 'yan koyo! Ya ɗauki abin liƙa dalma, ya musanya waya biyu a nan, biyu a can. Minti biyu bai cika ba duk huɗun suka koma hanya ɗaya, gwanin sha'awa. Bai faɗa a guruf ba. Me zai faɗa? Kada ya kunyata Admin, baiwar Allah, a gaban mutane a kan ɗan abin da bai kai ya kawo ba.

Ran Talata ya gwada a tsakar gida. Jirgin ya ɗaga kamar zuwa gwiwa, daɗi ya fara kama shi, sai abin ya hau juyawa a kan kansa. Ya juya, ya ƙara, ya haukace, ya kwashi igiyar shanya ya faɗo da zanin gado.

"Wankina ne ya tsare masa hanya?" in ji matarsa daga bakin ƙofa. "Ka gaya wa direban ya sauko ya ɗauraye."

Shi bai ma ji haushi ba, tsugunawa ya yi yana leƙen abin. Iska tana sauka ƙasa, ya ji ta a ƙafarsa. Injina lafiya. To me ke murɗa shi?

Ran Alhamis ya sake gwadawa a gaban shago, mai aski na ɗaukar masa bidiyo da wayarsa. Wannan karon har ƙugu ya kai kafin ya fara hajijiya, ya je ya daki buhun kwalaben mai caji. Kafin Mai Fanka ya tsince shi, mai aski ya riga ya tura bidiyon a guruf, wai taimako.

Guruf ya kama da wuta. Malamin lissafi ya ce manhaja ce. Mai hoto ya ce na'urar jin karkata ce aka ɗaura a karkace. Direban tanka, wanda shi ne na gaba a layi, ya turo saƙon murya: "Baba, don Allah ka bar mana ita da ranta." Ba wanda ya kawo zancen farfela, don su duk saya suke yi a leda, biyu da alamar dama biyu da alamar hagu, su ɗaura yadda takarda ta ce. Wa zai zaci akwai mai fere tasa?

Admin layi ɗaya ta rubuta: "Biyu ke nan, Baba. Asabar a fili, a gabanmu."

Ran Juma'a da yamma ya kasa aiki, ya shiga wajen mai aski ya zube a kujera.

"Kwashe duka, ko kan zai sha iska."

"Injiniya da kansa! Yau ba tashi?"

"Yi aikinka, ɗan sa ido."

An kwashe rabin kan ke nan mai aski ya ce zafi ya yi yawa, ya kunna fankar silin. Tsohuwa ce, notinta na sama ya daɗe da kwancewa. Mai Fanka yana kwance a kujera, ido a sama, sai ya ga abin da ya gani sau dubu: fiffike ya tafi dama, sandar da ke riƙe da fankar ta yi ƙiiƙ ta murɗa hagu. Da can in ya ga haka sifana yake ɗaukowa ya ɗaure. Yau sai ya ce, "Kashe. Sake kunnawa."

"Ni yaronka ne?"

"Kashe mana!"

Aka kashe, aka kunna. Fiffike dama, sanda hagu. Wato fanka in ta tura iska, iskar ma tana tura ta. Silin ne ke riƙe ta ba ta bi ba. To jirgi fa, wa ke riƙe shi a sama?

Ya miƙe da ƙyallen aski a wuya, rabin kai fes rabi daji, ya faɗa shagonsa. Ya dawo da kan wata ƙatuwar fanka irin ta ɗakin taro da gwangwanin mai. Ya ɗiga wa gindin kujerar aski mai juyawa mai, ya hau ya naɗe ƙafafu, ya rungume fankar tana kallon sama.

"Jona."

"Wallahi in ka fasa min madubi..."

"Jona, ka ga ikon Allah."

Fanka ta ɗauka. Kujera ta yi jim, sannan a hankali ta fara tafiya da shi, ba ta ɓangaren da fiffike ke bi ba, ta ɗaya ɓangaren. Ya wuce madubi, ya wuce ƙofa, ya sake dawowa madubi, waya na naɗe masa ƙugu. Masu jiran aski biyu suka miƙe tsaye. Mai caji ya leƙo ya ce, "Shi ke nan, abin ya taɓa shi."

Shi kuwa dariya yake yi. "Ka gani? Ni ne jirgin! Ɗaya ma ke nan, ina ga huɗu duk hanya ɗaya!"

Ya sauka ya ɗauko wata fankar irinta ya buɗe bayanta. Nan hannunsa ya tsaya. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa haɗa fanka ta juya baya da gangan ba, har sai da ya ji kamar ƙeyarsa na jiran ranƙwashi. Ya musanya wayoyin. Ya koma kujera, fanka ɗaya a kowace cinya, mai aski ya jona duka biyun yana salati. Ɗaya dama, ɗaya hagu. Kujera ko motsi.

"To yanzu ta lalace ke nan?" in ji mai aski.

"Yanzu ta gyaru. 'Yar Ashana daidai ta yi, ni na ɓata."

Saura matsala ɗaya. Fankar da ke juya baya baya take tura iska, ga ta nan tana tsotse ƙyallen wuyansa zuwa ƙasa. Inji mai juya baya sai da farfela mai kwanciyar baya, shi kuwa hannunsa bai san wannan yankan ba. Ya ɗauko farfelarsa ɗaya yana juya ta, ya kifa, ya miƙar, duk kwanciyarta ɗaya. Sai ya ɗaga kai ya gan ta a madubi. Ga ta can, a juye, daidai yadda yake nema.

A gaban madubin ya zauna da wuƙa da bututu, yana kallon ta cikin gilashi yana fere ta hannu. Uku ya ɓata, don hannun sai ya zame ya koma tsohuwar hanya. Kafin rana ta faɗi ya fitar da biyu masu kyau. Ya mayar da wayoyin injinan nan biyu yadda Admin ta zana, ya ɗaura musu sababbin. Sannan ya yarda aka ƙarasa masa askin.

Asabar da safe suka haɗu a filin bayan wani sito, su goma sha ɗaya. Direban tanka har da ɗan akwatin da zai saka 'Yar Ashana. Admin ta tsuguna ta duba jirgin, ta taɓa farfela ɗaya, ta taɓa ta kusa da ita.

"Baba, waɗannan biyun sababbi ne. Da wane iri ne a kai?"

Ya sosa sabon askinsa. "Duk iri ɗaya. Injinan ma na... gyara miki su ran Lahadi."

"Ka gyara min."

"Na ga biyu suna baya."

Malamin lissafi ya dafe kai ya zauna a ƙasa. Kwana biyu ya yi yana bin manhaja layi-layi. Admin ta ce, "Na uku ne fa. Bismillah."

Ya tura sandar rimot da guntun yatsansa. Ciyawa ta kwanta. Jirgin ya ɗaga zuwa gwiwa, ya ɗan karkata, ya gyara kansa. Ƙugu. Kafaɗa. Ya wuce kan kowa ya tsaya, hancinsa na kallon sito, bai juya ko kaɗan ba. Ana ta ihu, shi kuwa ya matso ƙarƙashinsa ya karkata kunne. Yana jin yadda inji ɗaya ke ɗan ƙara murya, na gefensa ya rage, sau da yawa a cikin numfashi guda. Ashe lissafin iskar ana jin sa.

Minti ɗaya da 'yan kai batir ya fara kuka. Ya sauke shi a hankali, ƙafafun lemar suka dira a tare.

"Kana layi," in ji Admin. "Mako goma, ta dawo hannunka. Amma yau za ka yi wa guruf bayanin gyaran nan da bakinka."

"Zan yi." Ya durƙusa yana kwance 'Yar Ashana, ta yi ɗumi kamar ƙwai. Direban tanka ya miƙo akwati. Mai Fanka ya miƙa rabi, sai ya tsaya.

"Ni kam, 'yata, in injin uku ne fa? Biyu sun kashe juna. Na ukun wa zai riƙe shi?"

"Baba," in ji direban, "saki tukuna."